Mai Laima, Wadda Yayarta Ta Ƙaga

Duk wanda ya taɓa kawo yaro makarantarmu ya san Mai Laima, ko da bai san sunanta na gaskiya ba. Ita ce mai rainon ajin ƙanana, ajin da nake koyarwa. Gajeruwa ce, tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, kuma ko rana ko ruwa ba ta rabuwa da wata baƙar laima mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Ita ke share majina, ita ke canza wa wanda ya jiƙa wando ba tare da 'yan aji sun farga ba, ita ta san yaron da ba ya cin abinci sai an kawar da kai. Ni alli kawai nake riƙewa, amma ajin nata ne.

Tun makona na farko ta gaya mini, tana wanke kofuna a bakin famfo, kamar mai cewa sabulu ya ƙare.

"Malama, ni fa ƙagaggiya ce."

Na yi dariya na ce, "Inna, wa ya yi miki ƙage mu je mu same shi?"

"Ba ƙage ba. Ƙaga ni aka yi. Yayata ce ta ƙaga ni."

Tana ƙarama ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti wata da watanni. Uwa ta rasu, uba yana wajen nema, sai yayarta ke jinya, ita ma ba ta wuce a yi mata jinyar ba. Duk ranar wankin ciwo sai an danne ta, tana ihu har ɗakin ya ɗauka. Sai yayar ta fara ba ta labarin wata yarinya Mai Laima, wadda idan abin tsoro ya taso ba ta gudu, buɗe laimarta take yi ta ce wa na kusa da ita ya shigo. Kullum da sabon abin da Mai Laima ta yi. Kafin a sallami ƙanwar, zazzaɓi ya ɗauke yayar.

"Yarinyar da aka kwantar matsoraciya ce," in ji ta. "Ba za ta iya duniya babu Yaya ba. Sai na bar ta a kan gadon, na taso a Mai Laima. Allah ne ya halicce ni, wannan na sani sarai. Amma halin da nake yawo da shi, a bakin Yaya aka ɗinka shi."

To, ku gaya mini, ina haukan yake? Matar nan ta yi aure, ta yi takaba, ta aurar da 'ya'yanta da guminta. Ba ta taɓa manta yaro a banɗaki ba, ba ta taɓa ɗaga wa ɗan wani hannu ba. Na san masu cikakken hankali da ba zan ba su ajiyar kaza ba.

Abin da ya jawo mata kuwa alheri ne, shi ya sa har yau idan na tuna raina ke ɓaci. Akwai wata yarinya a ajin, muna ce mata 'Yar Kuka, don ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta ɓare baki. Babanta ya kai ta allura. Maimakon ihun da ya saba ji, sai ta miƙa hannu ta ce, "Ni ma ƙagaggiya ce kamar Inna, ba na jin tsoro." Ko ƙwalla ba ta yi ba.

Wani uban da tukwici zai zo. Wannan da kumfar baki ya zo, wai an sa mai taɓin hankali tana juya wa 'yarsa ƙwaƙwalwa. Shugabar makaranta, wadda ba ta tsoron komai a duniya kamar iyaye su kwashe yara, ta kira mu ofis. Shi aka ba kujera. Mai Laima a tsaye, da ƙafarta mai ciwo, ta dogara da laimarta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, shekarunta nawa a nan, wa ya taɓa kawo ƙararta?"

"Malama, ba da ke ake ba." Ta juya. "Inna, abin mai sauƙi ne. Ki ce wasa kike yi, ki ba Alhaji haƙuri, ki koma bakin aikinki."

Na yi ta ƙifta wa Mai Laima ido. Wallahi so nake ta faɗa, don na san aikin nan shi ne cinta, shi ne shanta, kuma yaran nan su ne sauran abin da ke tashinta da safe.

Sai ta ce, "Haƙuri kam ina ba shi, tunda ransa ya ɓaci. Amma in na ce wasa ne, na yi wa Yaya ƙage, ga shi ba ta da bakin kare kanta."

"Kin ji ko?" in ji uban. "Kin ji da kunnenki!"

A ranar aka sallame ta. Sai da ta gama wanke kofunan rana, ta kife su yadda ta saba, sannan ta buɗe laimarta ta fita ta ƙaramar ƙofa don kada yara su gani.

Washegari ajin ya ƙi zama. Wannan ya leƙa famfo, wancan ya leƙa bayan ƙofa inda take jingine laima. 'Yar Kuka ta koma halinta, ta ja sauran suka ɗauka, har Shugaba ta baro ofis ta shigo tana tafa hannu.

"Ku yi shiru! Babu wata Mai Laima, kun ji? Labari ne kawai."

Maganar da aka raba mace da abincinta don ta faɗa, ita ce yau Shugaba ke faɗa da bakinta, ko kunya babu.

'Yar Kuka ta goge hanci da bayan hannu, ta dube ta.

"Ai mun sani, ta gaya mana," in ji ta. "Yaushe za ta dawo?"