Golmon Abel

"Mai faifan kyauta bai buɗe shago ba yau ma?"

"Ya buɗe rabin ƙofa. Yana ciki, kamar kazar da ruwa ya daka."

"Shi da bakinsa ba ya hutawa? Mi ya same shi?"

"Je ka tambayi surukinsa."

Abel yana jin su ta bayan labule, bai ɗaga kai ba. Ɗan soja ne, a bariki ya tashi, ya dawo Zuru ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, inda yake buga katin biki da takardun 'yan makaranta. Wajen 2008 duk garin sun san shi da abu ɗaya: Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, ta gidan waya aka aiko masa kyauta, tun ranar kuwa ya zama mai wa'azi.

"Wannan ba na sata ba ne, na kowa ne," yakan ce. "Cutar da kuke kwasowa a filas ba ta cinsa. Amma ku ji: a fara gwada shi daga kan faifai, a ga ko zai shirya da firinta. In za a zuba shi, a kwashe kayan da ke cikin kwamfutar tukuna. A kwashe kaya! Ko akuya ba a rushe mata ɗaki tana ciki."

Wasu su ce sun gwada, madannan duk sun sauya wuri. Ya ce ai ko amarya sai ta kwana biyu take sanin inda ludayi yake.

Rachael yake nema, 'yar Baba Ishaya, tsohon saje. Baba kuwa ba ya gajiya da zancen golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita.

"Ni bayana ya sha rana kafin in sami uwarta," yakan ce, yana juya tafin hannun Abel. "Dubi wanga hannu, kamar burodi."

Shi ya sa da kwamfutar gidan ta fara daskarewa, Abel ya ga gonarsa ta samu. Markus, wan Rachael, shi ya kawo ta daga wajen aiki, ya juye mata waƙoƙin marigayiya mahaifiyarsu, Mama Magdalene, daga tsofaffin kaset waɗanda tuni suka lalace. A da ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Kowace Lahadi bayan sujada Baba yakan sa a kunna masa, ya zauna yana kaɗa ƙafa.

"Baba, yau zan yi golmona," in ji Abel.

"To, mu gani, manomin tebur."

Maƙwabta suka taru, aka aro janareto. Sai da Abel ya zauna ya tuna ya baro abin kwashe kayan a shago. Ya tashi ya koma, a gaban suruki, a ce ya zo gona ba garma? Ya ce a ransa zai ajiye sabuwar manhajar kusa da tsohuwar, ba abin da zai taɓu. Allon ya tambaye shi: gefe guda, ko a share duka? Bakinsa na can yana yi wa mutane bayanin akuya da ɗaki, Rachael ta shigo da kunu, yatsansa ya zaɓi duka.

Kwamfuta ta tashi fes, aka tafa. Baba ya gyara zama ya ce, "Sa mana uwar gida."

Abel ya buɗe nan, ya buɗe can. Wayam. Maƙwabta suka fara zamewa ɗai-ɗai. Da Baba ya zage shi da ya fi sauƙi. Kallonsa kawai ya yi, ya ce, "To," ya ɗauki hularsa.

Abu ɗaya Abel ya yi daidai: ya kashe ta nan take, don kada sabon rubutu ya ƙara binne tsohon. A shago ya tada ta daga faifai, ya sa wata manhaja ta tono abin da ya rage. Sautuka suka fito tuli guda, amma ba suna ko ɗaya: wa'azi, kiɗan Markus, waƙoƙin zumunta na coci-coci. Shi kuwa bai taɓa jin muryar Mama ba. Ta rasu kafin ya dawo gari.

Ya roƙi Rachael ta zo ta saurara.

"Ni ba zan yi maka golmo ba," ta ce. "Mai waƙoƙin, Baba, yana gida."

Ranar da ya ji masu gulmar nan, ya ɗaure kwamfutar a bayan mashin ya bi ta tsakiyar kasuwa, idanu na binsa. Ya tarar da Baba a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar garma. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi.

"Manomin tebur," in ji Baba, ba dariya. "An zo ƙone sauran gonar?"

Abel ya nuna kwamfutar da ke bayan mashin.

"Baba, na tono muryoyi, amma ban san tata ba. Don Allah ka zauna kusa da ni, in riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya, in ka ji Mama ka ce min in tsaya."