Kyanwar da Inna Ta Bari

Kyanwar ta Inna ce, mahaifiyata. Wata rana ta dawo daga gidan suna da ita a cikin mayafi, 'yar mitsitsiya, fara mai dabbaren baƙi a ka, ta ce a bakin kwata ta tsince ta tana kuka. Shekara bakwai suka yi tare. In Inna ta gama aikin safe ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a Wudil, sai kyanwar ta zo ta haye cinyarta, tana shafa ta tana jin rediyo. Ban taɓa ganin ta cije ta ba. Abin da na sha gani shi ne, ana cikin shafar Inna za ta ɗauke hannu ta ce ya isa haka, kyanwar ta sauka ta yi tafiyarta. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

Baba ba ruwansa da ita. Tela ne, kuma kullum ƙorafinsa tana zuba masa gashi a yadin mutane. Daga baya ciwon suga ya taɓa masa ido, ya daina ganin ramin allura, a hankali har fuskokinmu suka koma masa inuwa. Ya rufe keken ɗinki ya zauna a gida, Inna ta zama idonsa.

Da damina Inna ta rasu, bayan jinyar kwana tara. Da aka yi sadakar arba'in na koma gidana a Kano, na bar Baba a hannun ƙanena da matarsa, amma duk Asabar ina zuwa. Wata Asabar na yi sallama na tarar da shi a tabarmar Inna, kyanwar kwance a cinyarsa, hannunsa a bayanta. Da ya ji muryata sai ya ɗan ji kunya.

"Ita ta zo, Uwata, ba ni na kira ta ba."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa haka yake kirana tun ina ƙarama.

Daga nan suka shaƙu. Yakan rage mata kifin miyarsa, in bai ji motsinta ba ya tambayi inda ta shiga. Sai dai shafarsa ba irin ta Inna ba ce. Hannunsa da nauyi, kuma in ya fara ba ya tsayawa, daga kai har gindin wutsiya, ya dawo ya sake, hankalinsa yana can wani wuri. Ta fara cizonsa kaɗan-kaɗan, ba ta fasa fata ba, shi kuma ya yi dariya ya ce ta iya rashin kunya.

Da kaka ne ta yi masa cizo na gaske, a gindin babban yatsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ɗaure wurin da ƙyalle, ya riƙa ɓoye hannun a cikin riga har kwana uku. Ranar da ƙanena ya kira ni, hannun ya kumbura har gwiwar hannu, jikinsa zafi rau. A asibiti aka ba shi gado, likita ya ce rauni a jikin mai suga ba abin wasa ba ne, in ba a yi sa'a ba sai an cire yatsan.

Matan da ke zuwa dubiya kowa da abin da take faɗa. Wata ta ce kyanwar da ta ɗanɗani jinin mutum ba ta dainawa, wata ta ce a bincika, ba kowace kyanwa ce kyanwa ba. Ban yarda da wannan ba, amma wata huɗu ke nan da binne Inna, ga shi ina kallon Baba yana nishi. Ni dai tsoro ne ya cika ni, tsoron kuma ya koma haushi.

A kwana na huɗu na je gida ɗauko masa kayan sawa. Kyanwar tana kwance a tabarma, da ta gan ni ta taso tana goga jikinta a ƙafata. Na samo buhu na jefa kan kifi a ciki, tana shiga na ɗaure bakin. Ƙanena ya ce ko mu bari Baba ya fito tukuna, na ce masa ya tayar da babur kawai. Muka kama hanyar Kausani, buhun a cinyata, tana kuka tana yaƙushi. A gefen wata gona da aka girbe gero, kusa da wasu gidaje, na kwance bakin buhun. Ba ta gudu ba. Ta fito ta tsaya tana sansanar ƙasa, tana dubanmu. Muka juya muka bar ta a nan.

Allah ya taimaka ba a cire yatsan ba. Ranar da aka sallamo Baba, yana zama a tabarma ya fara lalube gefensa yana kiranta. Na ce masa tun yana asibiti ta shiga yawo ba ta dawo ba. Ya ce za ta dawo, a riƙa ajiye mata ruwa.

Bayan kwana biyu wani tsohon abokinsa ya zo dubiya, malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Suka daɗe suna gaisawa, ya yi masa ya jiki, ya sake yi masa ta'aziyyar Inna, sannan ya tambayi yadda abin ya faru. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina jinsu. Da Baba ya gama ba shi labari, sai ya ce wannan ba mugunta ba ce, kuma ba hauka ba ne. Fatar kyanwa tana da saurin ji. Shafar da take jin daɗinta da farko, in aka daɗe ana maimaita ta a wuri ɗaya, sai ta koma mata kamar susar da ta wuce kima har ta fara zafi, balle tsohuwar kyanwa da ƙila ƙugunta ke ciwo. Ya ce kuma ba ta cizo sai ta yi gargaɗi: gurnanin jin daɗin nan zai tsaya, ta fara kaɗa wutsiya tana bugun ƙasa, kunnuwa su kwanta baya, fatar bayanta ta riƙa motsi. Mai lura yana ganin haka zai ɗauke hannu. Nan take na tuna Inna.

"Kyanwar ta gaya maka, Malam," in ji abokin. "Idonka ne bai gani ba."

Baba ya ce, "Ashe ni ne na dame ta."

Sai ya tambaye shi, in ya ajiye ɗaya hannun kusa da wutsiyarta, zai ji lokacin da ta fara kaɗawa? Abokin ya ce ƙwarai zai ji. Fuskar Baba ta washe, ya ce to shi ke nan, in ta dawo haka zai riƙa yi. Na tashi na shiga madafa na yi kukana.

Washegari na koma Kausani ni kaɗai, na bi gidajen da ke kusa da gonar ina sallama ina tambaya. Wata dattijuwa ta ce ta ga fara mai baƙi a ka tana zagaya rumbunta kwana biyu, har ta ajiye mata ragowar tuwo, daga nan ba ta sake ganinta ba. Sau uku ina komawa. Bayan na ukun na durƙusa gaban Baba na faɗa masa abin da na yi.

"Na sani, Uwata. Tun ranar da muka dawo na ji a muryarki."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tsoro ne ya sa ni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abu ɗaya ya tambaya, ko inda na ajiye ta akwai mutane kusa. Na ce akwai. Na ce zan samo masa wata ƙarama, ya ce in bari, waccan ce ta san Inna.

Raunin ya warke, amma yatsan ya sandare, carbi ma sai da hagu yake ja. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, bai sake ambatonta a gabana ba. Zuwana na ƙarshe na yanke masa farce, na wanke masa huluna, ya ce ko zan ƙara kwana biyu. Na ce akwai aiki ranar Litinin, amma Asabar ina tafe. Ranar Laraba bayan azahar ƙanena ya kira ni ya ce Baba ya cika.