Sunan da Ba Na Faɗa Ya Ceci 'Yata

Jama'a, yau saura ƙiris in miƙa wa ɓarawo 'yata da hannuna!

Jiya na saka hotonta a Facebook riƙe da takardar sakamako. Suna, aji, bajon makaranta, komai a fili!

Yau ana tashi sai ga wani mutum kan mashin. Ya ce wa maigadin makaranta, "Baba, uwar Hauwa'u 'yar aji uku ta turo ni, ta tafi Mashegu gaisuwa."

Aka kira yarinya. Ta kalle shi sama da ƙasa. "Mamata ce ta ce maka Hauwa'u?"

Ya ce, "Da bakinta."

Ta ce, "Ƙarya ne! Ba ta faɗar sunan nan!"

Gaskiyarta! Sunan surukata aka sa mata, Walida nake kiranta.

Maigadi na ciro waya zai kira ni, mutumin ya fizgi mashin ya ɓace!

Na goge hotunan kaf. Ƙanwata ta bugo, wai "Yaya, ina hotunan?"

Na ce daga yau mai son ganin Walida ya zo gida, ya yi sallama!