Ruwan Rijiyar Inna a Kwadon

Mun tashi daga Jos ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwata, kowa ta ƙudundune cikin rigar sanyi. Ba biki ne ya kai mu Gombe ba. Wasu likitoci ne a can suke bincike a kan ciwon ƙoda, ciwon da ya raba mu da Inna bayan ta sha azabar wankin ƙoda, ya kuma ɗauke ƙaninta kafin ita. Suna neman 'ya'yan waɗanda ciwon ya kashe su auna jininsu da fitsarinsu, su kuma duba ruwan da gidan yake sha. Ni tambaya ɗaya na tafi da ita: abin da ya kashe Inna yana jikinmu ko ba ya nan?

Kuɗin mota ya yi tashin da sai da na tambayi ɗan kamasho ko har da tayar zai haɗa mini. A Bauchi muka ci masa da miyar taushe a tsaitsaye, direba yana ta danna mana oda. Muna wuce Alkaleri zafi ya fara yi mana sannu da zuwa, muka tuɓe rigunan sanyin muka cusa a jaka. Da muka gangaro daga Tumfure, garin Gombe ya bayyana kwance a cikin kwarinsa, sai na ji hannuna ya kai kan waya. A daidai nan na saba kiran Inna in ce mun shigo, ita kuma ta ce to bari ta ɗora tukunya. Na mayar da wayar, na juya fuska waje don kada ƙanwata ta gani.

A unguwar Bagadaza muka sauka, gidan Goggo, yayar mahaifinmu. Ta tare mu da maraba irin ta Fulani, “Jabbama, jabbama!”, ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, alhali zanena ma da ƙyar yake zagaye ni. Washegari muka nufi asibiti. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce ƙarama, mai magana a natse. Ta ce, “Hajiya, kar in ruɗe ki, ba magani muke rabawa ba. Nema muke yi, mu san dalilin da ciwon yake bin wasu gidaje.” Aka ɗebi jini da fitsari, aka auna hawan jini. Sannan ta shiga tambaya: wane maganin ciwon jiki Inna take sha, tana shan jiƙe-jiƙe, tana taɓa maganin feshi a gona? Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba, kuma abin ya yi mini ciwo, domin na ɗauka babu abin da ban sani ba game da uwata. Daga ƙarshe ta ba mu kwalba a rufe, ta ce mu cika ta da ruwan rijiyar gidanmu na Kwadon.

Kwadon tana nan da albasarta da tattasai jibge a bakin titi. Gidan ne dai ba namu ba, an sayar bayan rabon gado. Matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma a gindin lemon da Inna ta dasa, wanda yanzu ya fi katanga tsawo. Na yi ta kallon ƙofar ɗakin Inna, an sauya mata fenti, amma ina ji kamar yanzu za ta ɗaga labule ta fito tana faɗan mun zauna ba mu cire mayafi ba. Wallahi na yi kewarta a wurin nan fiye da ranar da aka binne ta.

Muka faɗi abin da ya kawo mu. Matar ta karɓi kwalbar ta shige bayan gida, ta daɗe, sai ga ta da ruwa garau kamar na leda. Ni kuwa na san ruwan rijiyarmu, ja-ja ne tun muna yara. Da na tambaya ta ce, “Haba, baiwar Allah, ruwan da za a kai gaban likita? Ai na tace shi da ƙyalle, na jefa alam ya kwanta. Kar a ce ƙazamai ne mu.” Ƙanwata ta fashe da dariya har da riƙe ciki, dariyar ta zarce ta zama kuka. Na kira likitar na faɗa mata, ta ce ba mu ne na farko ba, za su zo su ɗiba da kansu. Kafin mu fita na zura guga na jawo ruwan. Na so ƙwarai in kurɓa, tsoro ya hana ni, sai na wanke fuska kawai.

Sakamakon gwajinmu ya fito kafin mu bar gari. Nawa lafiya lau. Ƙanwata, wadda a ganinta rakiya kawai ta yi mini, wadda ko ciwon kai ba ta cika yi ba, ita aka ga alama a fitsarinta, jininta kuma ya hau. Likitar ta ce an gano shi tun bai yi nisa ba, za a fara ba ta magani, amma sai ta zauna a ƙara wasu gwaje-gwaje. Amsar ruwa da ta gadon jini kuwa, ta ce wannan sai an yi haƙuri, ba aikin wata ɗaya ba ne. A tasha ƙanwata ta riƙe mini hannu ta ce, “Adda, kar ki tsorata mini yara.”

Ni kaɗai na dawo Jos. Abin da tafiyar nan ta koya mini, jama'a, ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gamawa, don haka duk wanda ciwon ya taɓa shiga gidansu ya je a auna shi tun yana jin kansa garau. Ina tura ƙofa 'ya'yan ƙanwata, da muka bari a gidana, suka rugo, suna leƙen bayana. Na ce musu Mama tana gidan Goggo, likita tana duba ta, za ta dawo da yardar Allah. Da Inna ta sami wanda ya duba ta haka tun tana kan ƙafafunta, wataƙila da a hannunta zan bar ƙanwata a Gombe.