Subiyar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo aikin hajji daga Kano, ya ga Ka'aba, ya ce shi kam ya zo ke nan. Ba shi da igama, wato takardar zama, ba mata, ba ɗa. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a Makka a sallace shi a Harami. Har likkafani ya saya, ya wanke da zamzam, ya ninke ya ajiye a ƙarƙashin katifa. Wani ɗan akurkin ɗaki yake kwana a saman benen da muke haya ni da maigidana a unguwar Utaibiyya a nan Makka.

Ban da salla, ba abin da ke faranta masa rai kamar haɗa subiya, abin shan nan na mutanen Hijaz. Ba sayarwa yake ba, sha'awa ce kawai. Sai ya jiƙa sha'ir, ya shimfiɗa a kan buhu har ta yi tsiro, ya shanya, ya daka a turmina, ya zuba busasshen burodi da kirfa, ya rufe a wani shuɗin durom. Sai ka gan shi ya kara kunne a jikin durom ɗin yana murmushi.

"Kawu, me take gaya maka?" in tambaye shi.

"Tana gaishe ki, ta ce ba za ki sha ba tunda kin raina ta."

Kafin ta yi tsami yake tacewa, ya sa ƙanƙara, ya bi ƙofa-ƙofa yana rabawa. Kaf benen nan ba bakin da bai sha ba. Kwalbar farko kuwa kullum ta mai benen ce, wani Alhaji haifaffen nan, Bahaushe ne amma sai ya ga dama yake Hausa. Ya daɗe yana hangen ɗakin Kawu, don in ya gyara shi zai zuba alhazai a ciki. Kunyar idon maƙwabta ce kaɗai ta hana shi korar tsoho.

Wata shekara, Kawu ya jiƙa subiya ana gab da hajji, sai aka kira shi aikin dako a Mina. Ya tafi a gaggauce ya manta da durom a rana, ranar Makka kuwa ba ta wasa. Da ya dawo bayan an gama jifa, murfin ya kumbura, abin yana kumfa yana wani wari mai hawa kai. Bawan Allahn nan tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa shinshina giya ba, ni ma haka. Ya ce tsami ta yi kawai, kamar kunun da ya kwana, kuma haramun ne a zubar da ni'ima a garin Allah. Ya tace, ya ƙara sukari, ya cika kwalba ya kai wa Alhaji kamar yadda ya saba.

Ina tsaye a matattakala. Alhaji ya buɗe, ya kai hanci sau ɗaya, sai na ga fuskarsa ta washe. Wallahi murna na gani, ba ɓacin rai ba. Nan da nan ya ɗaure fuska ya ɗaga murya yadda kowane ɗaki zai ji.

"Giya! Ya shekh, giya kake dafawa a gidana? A Makka?"

Kawu ya yi tsuru-tsuru. "Alhaji, subiya ce, tsami ta yi."

Raina ya ɓaci, na ce, "Alhaji, shi dai bai san warinta ba. Kai a ina hancinka ya yi karatu?" Maigidana ya ja ni ciki yana roƙona in rufa mana asiri, tunda mu ma a ƙarƙashin mutumin muke.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Kai, mutane! Matar da ke aiko da kofi biyu kullum ta ce ita dama ta daɗe tana jin jiri in ta sha. Wani ya ce dole ya rama sallolinsa. A masallaci wanda ke kusa da Kawu ya matsa, ya bar gurbi a sahu tsakaninsu. Matasa suka riƙa bin sa suna tangaɗi suna dariya. Tsoho ya dawo gida yana kuka kamar yaro, ya juye durom ɗin a makwarara, ya wanke shi ya sake wankewa har hannunsa ya saluɓe.

Ban ga wanda ya kai ƙara ba, amma kowa ya san wanda ya ci riba. Da safe 'yan sanda suka zo da mota suka tambayi Kawu takardar zama, ba maganar giya ma aka yi ba. Aka tafi da shi daga shi sai rigar jikinsa. Ya waiwayo yana ce mini, "Ƙarƙashin katifa! Ƙarƙashin katifa!" Na ruga sama na ɗauko likkafanin, kafin in sauko mota ta tashi.

An mayar da shi Kano, inda sa'o'insa duk sun mutu. Bai kai wani hajjin ba ya rasu a zauren wani ɗan uwa, aka suturta shi da yadin kasuwa. Likkafaninsa yana nan cikin akwatina har yau. Ɗakinsa kuwa an yi masa fenti, an jera gadajen alhazai, shuɗin durom ɗin ya zama na zuba shara.

Da azumi ya zagayo, ana saura kaɗan a sha ruwa, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Matar Alhaji ce, da kwalbar subiyar kasuwa a hannu tana yatsina.

"'Yar uwa, wannan ruwa ce zalla, Alhaji ya ƙi sha. Ya ce ba wadda ta kai ta tsohon nan. Don Allah bai koya miki yadda ake yi ba kafin ya tafi?"