Zaren da Na Gani a Cikin Ayaba

Na yi ritaya daga aikin buga takardu a ma'aikata kafin na taɓa riƙe kwalbar gwaji. Tun a sakandare kimiyya nake so, amma aikin ofis ne ya samu, na karɓa, shekaru suka tafi.

Wata maƙwabciyarmu ce ta gaya mini akwai malamar kimiyya, 'yar Kudancin Kaduna, da ta buɗe ɗan ɗakin gwaji a Kinkinau, tana koyar da duk mai so ranar Asabar. Na hau Keke mai ƙafa uku daga Kawo na je. Duk ɗaliban sa'o'in 'ya'yana ne.

"Mama, kin kawo yarinya ne?" in ji malamar.

"Ni ce yarinyar," na ce.

Ta yi dariya, ta miƙo mini safar hannu.

Ranar farko ayaba muka dame da gishiri da sabulun wanke-wanke, muka tace, muka tsiyaya sifirit mai sanyi a kai. Sai ga wani farin abu kamar zaren auduga yana tasowa. Ta ce wannan shi ne DNA, abin da ke ɗauke da gadon halittar kowane mai rai. Na daɗe ina kallonsa. Da na koma gida na kasa yi wa maigidana bayani, sai cewa nake yi, "Wallahi na gan shi da idona."

Wahalar ta zo da muka kai ga mataki na gaba. Ana ɗiga samfurin ne a ƙananan ramuka cikin wani abu mai kama da kunun da ya kwana ya daskare, a sa masa lantarki, sai DNA ɗin ya rabu layi-layi. Na yi ta fasa ramukan. Malamar takan riƙe mini wuyan hannu.

"A hankali, Mama. Ki ja numfashi tukun."

Ranar da na ɗiga daidai, ta kunna shuɗiyar fitila, yaran suka taru suna ta murna wai nawa ya fi na kowa fita. Na sunkuya, na goge tabarau, na sake sunkuyawa. Dishi-dishi kawai nake gani. Yanar ido ta riga ta fara rufe mini gani.

"Guda nawa ne?" na tambaye ta a hankali.

Ta kama yatsana tana nuna mini inda kowane layi yake.

An yi mini aikin ido bayan damina. Da na warke na koma, na tarar da tela a ɗakin. Ya ce malamar ta samu gurbin ƙaro karatu a waje, ta kwashe kayanta. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ɗinki ne?"

Na ce a'a, na gaishe shi da aiki, na fita neman Keke.