Burtalin Baba Shekara Dubu

Kafin matan unguwa su hura wutar koko, Mika'ilu ya riga ya saɓa fartanya ya nufi bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Ba kan tumatirinsa yake fara tsayawa ba. Wata 'yar hanya yake bi, wadda ta ratsa tsakiyar gonarsa har bakin ruwa, yana tsince ƙaya yana cike ramuka. Nan ne ƙasar ta fi kyau, amma tun yana da baƙin gashi ko albasa ɗaya bai taɓa dasawa a wurin ba. Burtali ne ya bar wa shanun Fulani su bi su sha ruwa.

Kirista ne, daga 'yan gidajen nan na bayan Bunkure. Ni Musulma ce, katanga ce ta raba mu, kuma gajera ce, don haka ba abin da ke wuce ni.

A cocinsu sun yarda Almasihu zai dawo ya yi sarauta shekara dubu a doron ƙasar nan, a ɗaure Shaiɗan, zaki ya yi kiwo kusa da maraƙi. Yawan faɗar haka ya sa samari suka laƙaba masa Baba Shekara Dubu. Na taɓa tsokanarsa na ce, “Maƙwabci, ka bari ya zo tukuna mana, sannan ka yi kyauta da gona.”

Ya ce, “Yaya Zuliha, kin taɓa ganin wanda ya jira aka sako ruwa sannan ya fara gyaran fangalin gonarsa? So kike ya zo ya tarar ban iya zaman lafiya ba?”

Ranin bara wata saniya ta kauce ta yi ɓarna a gonar Bilya, wanda suka haɗa iyaka. Bilya ya tara samari suka toshe bakin burtalin da ƙaya. Da rana ta take, shanu suka taru suna kukan ƙishirwa. Ga Dattijo makiyayi da mutanensa da sanduna a can, ga samari da adduna a nan.

Bilya ya ce, “Bakin hanyar nan a iyakata yake. Wanda ya isa ya taɓa ƙayar nan!”

Mika'ilu bai taɓa ta ba. Zagayawa ya yi ya sare nasa shingen, ya ɗaga murya: “Dattijo, koro su ta nan!” Ta cikin tumatirinsa fa, wanda ya nuna jajir yana jiran kwando.

Matarsa Mairama ta ɗora hannu a ka. “Maigida, abincin gidan ne fa!”

Ya ce, “Ja dai za a gani a ƙasar nan yau, Mairama. Bari ya zama na tumatir.”

Shanu suka bi suka tattake. Samari suka rasa wanda za su sara, suka watse. Mairama ta daɗe tana zuba masa tuwo da miyar da ba ta wuce cokali ɗaya ba, wannan ta katanga na gani. Shi kuwa Bilya, da sassafe ya lallaɓa ya janye ƙayarsa don kada a gan shi. Na gan shi.

Kai ne, Mika'ilu, ka yi asarar rani guda ba a ɗauki gawar ɗan kowa ba. Maganar shekara dubu na bar wa malamanku da namu. Abin da idona ya gani shi ne, kai ba zama ka yi kana jira ba. Mun gode, Allah ya saka.

Yanzu gwiwa ta ƙi, da sanda yake zuwa bakin kanal. Na kuma ji 'ya'yansa suna ƙus-ƙus wai bana za su dasa burtalin. To ku ji da kyau, ku da duk mai gona a bakin ruwa daga nan har Kadawa: ku bar wa dabba hanya yadda ya bari. Wanda kuwa ya kafa dashe a burtalin nan, zai zo ya tarar da ni zaune a kai da kujerata. Kun dai san bakina.